Sabuwar meri a tsakiyar gari: ta ina ake farawa, kuɗin kuma daga ina?

Salamu alaikum. Wani ƙanenmu ɗan nan Tawa da ke karatu a Yamai ya turo min tambaya, ya ce kullum in ya bi ta unguwar Plato yana kallon manyan gine-ginen gwamnati sai ya riƙa tunanin mi zai hana a gari irin namu a tada sabuwar meri babba a tsakiyar gari, a haɗa eta sibil, wato sashen takardun haihuwa da aure da mutuwa, da biron filaye da masu karɓar lanho duka wuri guda, kuma in za a yi ɗin ta ina ake farawa, kuɗin daga ina suke fitowa. To ƙanena ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, don na yi shekaru a sashen gine-gine na meri, wanda muke ce ma sarwis teknik, kuma mafi yawan furfurar kaina irin wanga aiki ne ya kawo ta.

Bari in fara da wani gini da na sani a wata kwamin, ba zan faɗi sunanta ba. Ranar aza tubalin farko an kafa rumfuna, an kawo makaɗa, an yanka rago, babban baƙo ya ɗauki cokalin magini ya ɗan shafa siminti anka yi tafi. An zuba fandisho, an tada ginshiƙai, an zuba dal na ƙasa, daga nan kuɗi sunka ƙare. Da na koma bayan shekara huɗu ƙarafan da anka bari don bene na sama sun yi tsatsa sun lanƙwashe, ruwan damina ya bi ta jikinsu ya tsattsaga ginshiƙan, awaki na kwana a inda anka ce nan ne zauren taron majalisa, wani bawan Allah ma ya shanya albasa a biron magajin gari. Su kuma ma'aikatan suna nan a tsohon gidan haya, rajistocin haihuwa na jibge a ƙasa cikin kwalaye gara tana ci. Ba wanda ya saci kuɗin nan fa, ni shaida ne. Abin da ya faru kawai shi ne an fara gini da kuɗin kashi ɗaya cikin uku, sauran kuma an bar ma Allah ya kawo. Shi ya sa duk wanda ya zo min da zanen gini mai kyau ba na ko kallon zanen sai ya faɗa min filin na wa ne, kuɗin shekara ta biyu daga ina za su fito, kuma wa zai biya kuran bayan an yanke ƙyalle.

Wa ke da ikon yanke shawara? Tun zaɓen kwamin na farko a 2004 garuruwa sunka samu majalisunsu, sannan a 2010 anka fito da kundin dokar ƙananan hukumomi, wato doka mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba. Tawa na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman tare da Yamai da Maraɗi da Damagaram, mu muna da arondisma biyu, Yamai na da biyar. A tsarin doka aiki irin wanga sai ya shiga cikin tsarin raya kwamin na shekara biyar, PDC, daga nan ya sauko cikin tsarin ayyukan shekara, majalisa ta zauna ta jefa ƙuri'a, gwamna ko farfe ya duba in bai saɓa ma doka ba. Tun Afrilun 2024 an rusa majalisun an naɗa kantomomi, don haka yanzu sa hannu ya fi sauri, amma ni a ganina saurin nan shi ne abin tsoro ga gini, don gardamar konseye, wato ƴan majalisar gari, ko da tana da ban haushi ita ce ke tono tambayar da injiniya ya manta.

Sai maganar fili, kuma nan ne tsakiyar gari ke da wuya. Ni ina goyon bayan meri ta zauna a tsakiya, ba na cikin masu cewa a kai ta bayan gari inda fili ke da yalwa. Dalili, wa ke zuwa meri? Tsohuwa ce mai neman takardar haihuwar jikanta don za a sa shi lakkol, da yaro mai legalize takardun jarabawa, da ɗan kasuwa mai biyan kuɗin rumfa, da mutanen ƙauye da sunka shigo kasuwar Lahadi suna son su gama komai su koma. In ka kai ta kilomita shida kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya fi kuɗin tambur ɗin da mutum ya zo saye, in kuma anka ce mishi dawo gobe to ka hana shi takardar ke nan. Amma fili a tsakiya duk taƙi yana da mai shi, wani ma masu shi goma ne don gado ne da ba a raba ba, rabinsu suna Abijan. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a tana nan tun 1961, mai lamba 61-37, an yi mata gyara a 2008, kuma abin da ta ce a fili yake: a yi bincike, a ƙiyasta, a biya diyya kafin a tada mutum. Kafin, ba bayan ba. Diyyar nan ita ake mantawa a lissafi, sai an kawo buldoza wani dattijo ya fito da takardarshi tun ta zamanin kumandan, aiki ya tsaya ana shari'a, ɗan kwangila kuma yana lissafin kwanakin da injinanshi sunka zauna. Ka duba Yamai ma, babbar kasuwa ta ƙone a 1982 ba a sake buɗe ta ba sai 1987, ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012 filin ya yi shekaru a killace a tsakiyar birni, alhali nan ne fadar ƙasa inda kuɗi da manya suke. Don haka mafi sauƙi kullum shi ne filin da dama na hukuma ne, tsohuwar meri ko wani tsohon biro da ya mutu, a tabbatar an yi mishi takardar mallaka ta dindindin da sunan gari, a kafa duwatsun iyaka, a kewaye.

In fili ya tabbata kada a kira mai zane tukuna. A ɗauki littafi da biro a zauna bakin ƙofar meri sati biyu ana ƙirga mutum nawa ke shigowa, mi ya kawo su, awa nawa suke yi. Na taɓa yin haka, abin da na gani ya ba ni kunya: kusan duk jama'ar eta sibil suke zuwa, taga guda ce tak, mata da goyo suna zaune ƙarƙashin bedi a kan bulo tun da hantsi, wata ta kwance ɗankwalinta ta lulluɓe jariri saboda ƙura, ba bayi ba randar ruwa, alhali a zanen da anka kawo muna biron magajin gari da falonshi da banɗakinshi sun fi duk sashen eta sibil girma. Munka juya zanen. Tagogin jama'a a ƙasa kusa da ƙofa, rumfa mai inuwa da benci, gangare don masu keken guragu, ɗakin ajiyar rajista mai daɓe a ɗage daga ƙasa ba taga ta gabas inda ruwa ke bugowa, manya kuma su hau sama tunda su ba su da layi. Sannan a gwada ƙasa, akwai ɗakin gwaji na gwamnati na ayyukan gini da hanyoyi, kuɗin gwajin ba su kai komai ba in ka gwada da tsagewar bango. A duba kuma ina ruwa ke bi, don wanda ya ga yadda kogi ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Saga da Lamorde na Yamai a 2020, ko abin da daminar 2024 ta yi har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, ba zai aza gini a kan hanyar ruwa babu kanibo, wato magudanar ruwa, ba.

To yanzu kuɗi, inda ake yin ta.

Aljihun farko na garin ne da kanshi: lanho, kuɗin rumfunan kasuwa, na tasha, na kara inda ake saida dabbobi, na mahauta, tambur, da kason da gwamnati ke maido ma gari daga harajin da ma'aikatar haraji ke karɓa kamar patanti da harajin gidaje. Doka ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a tura su ga ayyukan raya gari. A takarda ke nan. A zahiri albashi da mai da kwasar shara da karɓar baƙi suna cinye abin tun kafin a kai ga siminti, kuma kason nan da ake maidowa ta baitulmali yake bi, yana iya zuwa a makare, kai kana da shi a rubuce amma ɗan kwangila ba rubutu yake ci ba. Ni in ina lissafi ba na duba abin da anka rubuta a kasafi, ina duba abin da ya shiga hannun mai karɓar kuɗin meri da gaske a shekara uku da sunka wuce, in ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu, da shi nake aiki.

Akwai wata hanya da garuruwanmu sunka daɗe suna bi wadda ba na so ko kaɗan, wato yanka filaye a saida. A yi lotisma, a saida parsal, a yi gini da kuɗin. Har gwamnati ma ta taɓa biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Kuɗin na zuwa da sauri gaskiya, amma fili sau ɗaya ake saida shi, kuma kowace sabuwar unguwa da ka yanka bashi ce ka ɗauko, gobe za su zo neman pampo da kuran da hanya da lakkol, kai kuma ka riga ka cinye kuɗin a bene. Mafi muni shi ne a taɓa filayen ajiya da anka ware don makaranta ko likita. Ka ga dajin da anka fara shukawa kewayen Yamai tun 1965 don tare ƙura, je ka duba yadda gidaje sunka cinye shi.

Aljihu na biyu na gwamnatin tsakiya ne. Akwai hukumar ANFICT da anka kafa a 2008 don ta riƙa isar ma ƙananan hukumomi da tallafi, ita ke riƙe da asusun tallafa ma mulkin kai na kwamin da asusun daidaitawa tsakanin masu hali da marasa hali. Tana taimako, amma in an raba ma kwamin sama da 250 abin da zai iso maka na azuzuwa ne da rijiya, ba na babban bene ba. Akwai kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ce a bar ma kwaminonin jihar da ake haƙowa, wanga ya fi amfanar Agadas da Diffa da Damagaram. Babban kuɗin gwamnati da mu a nan munka gani da idonmu shi ne na bikin 18 ga Disamba mai zagayawa: Dosso Sogha 2014, Maraɗi Kwalliya 2015, Agadas Sokni 2016, namu Tawa Sakola 2017, Damagaram Sabuwa 2018. Ba mai musun gari ya canza, an samu gudro da fitilu. Sai dai aikin biki ranar biki yake kallo, ana gini dare da rana don a cimma kwanan wata, bayan baƙi sun watse sai a miƙa ma meri makullai ba tare da an ƙara mata ko dala a kasafin gyara ba.

Na uku abokan hulɗa na waje. Gine-ginen da kake gani a Yamai da yawa ba kuɗin birni ba ne ƙanena. Zauren taro na Mahatma Gandhi Indiya ce ta ba da kuɗinshi, filin jirgin Diori Hamani kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta shi da kuɗinshi gab da taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, da sharaɗin zai riƙe shi shekara 30 yana maida kuɗinshi. Masu ba da tallafi irin Bankin Duniya sun fi son kanibo da ruwan sha da makaranta, da wuya su gina ma magajin gari biro, sai dai in ka shigo da shi ta ƙofar eta sibil da adana takardu, kuma kusan kullum za su ce kawo naka kason. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ma wasu ƙofofin sun rufe, wanda ya aza ginin shi a kan alƙawarin baƙo ya ji a jikinshi.

Bashi fa? Ana iya ci amma sai da yardar gwamnati, kuma nan akwai darasin Dakar. A Fabrairun 2015 birnin ya shirya tsaf zai saida takardun bashi na miliyar 20 na sefa a kasuwar hannun jari ta yankinmu don gina ma ƴan tireda wurin kasuwanci, ana saura kwanaki gwamnatin Senegal ta taka birki, aka fasa. In Dakar mai wannan arziki haka ta same ta, kai ka san namu. Kuma ka lura ita kasuwa ce za ta gina, abin da ke kawo kuɗin haya. Meri ba ta kawo komai sai kuɗin tambur, don haka cin bashin banki mai ruwa don gina biro kuskure ne a wurina. Haka haɗin gwiwa da ɗan kasuwa, yana tafiya ne inda akwai abin karɓa kullum kamar filin jirgi. Iyakar abin da zan yarda da shi a meri shi ne jerin shaguna a bangon da ke kallon titi, tunda tsakiyar gari ne haya za ta yi tsada, amma a rubuta tun farko cewa kuɗin hayar na gyaran ginin ne, kuma a ba da shagunan a bainar jama'a, in ba haka ba ka wayi gari duk na ƴan uwan manya ne ba mai biya.

Akwai aljihun da mu Adarawa muke da shi wanda wasu ba su da, wato ƴan uwanmu na Abijan da sauran ƙasashen gaɓar teku. Mutanen nan sun gina masallatai da azuzuwa a garuruwansu ba adadi. Za su iya ɗaukar zauren taro ko rumfar jira, amma ba za su zuba kuɗi cikin asusun da ba su gani ba, sai ka ware musu abu guda ka ce ga naku, ga kuɗinshi, ga hoto duk sati a WhatsApp.

Bari in yi maka misali da lissafi, misali ne kawai. A ce duka ginin miliyan 600 ne. Abu na farko ka tambaya da harajin TVA da ake ɗorawa kan farashi ne ko babu, don kashi 19 cikin 100 ne, a kan miliyan 600 ya kama miliyan 114, na ga inda wanga kaɗai ya tsaida aiki. Ɗan kwangila zai nemi kuɗin somin aiki, yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, kada a ba shi ko tamma sai da takardar lamunin banki. Ana riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗinshi har shekara guda bayan karɓar farko, sai ginin ya sha damina ɗaya an ga inda ke yoyo sannan a yi karɓar ƙarshe a sakar mishi. Sai kuɗin mai zane da na biron sa ido, da jawo kuran da ruwa, da tebura da kujeru, da katanga, waɗanda galibi ba sa cikin miliyan 600 ɗin. To in abin da gari ke iya warewa da gaske miliyan 150 ne a shekara, kada a zuba fandishon duka ginin. A raba shi gida huɗu, kowane kashi ya zama gini mai rufi da ƙofa da za a shiga a yi aiki ko da na gaba bai zo ba: bana eta sibil da ɗakin rajista, baɗi biron kuɗi da na filaye, zauren majalisa daga baya, biron mai girma a ƙarshe. Na san ba haka manya ke so ba, don ba ya kyau a hoto.

Wajen ba da kwangila doka ta ce a yi kiran tayi a buɗe ambulan gaban kowa, wanda bai gamsu ba ya kai kuka hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati. Abin da zan ƙara kawai, ka ji tsoron wanda ya fi kowa araha da nisa, zai dawo da ƙarin kwangila ko ya rage siminti, kuma mai sa ido kada ya zama ɗan kwangila ne ke ba shi kuɗin mai. A sa sharaɗin canjin farashi a rubuce, don mun ga yadda rufe iyakar Benin ya tada kuɗin ƙarfe da kayan wayar kuran, sannan a Oktoban 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin 100, abin na hawa yana sauka. Mu dai Allah ya taimake mu masana'antar siminti ta Malbaza a jiharmu take.

Saura kuran, wanda shi ke kashe gini a hankali. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, in ka yi bangon gilashi irin na Dubai ka gina tanda, kowane biro sai kilim, takardar NIGELEC ta fi ƙarfin meri, a yanke, ma'aikata su fito da teburansu ƙarƙashin bedi, an koma gidan jiya. Alhali maganin yana nan kusa da mu. Je ka Yama ka ga masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ko ka je Dandaji ka ga masallaci da ɗakin karatun da Mariam Kamara da abokiyar aikinta sunka yi da bulon jar ƙasa matsattse, anka gama a 2018, ka shiga da azahar ka ji yadda ciki yake. Bango mai kauri, rufi biyu da iska ke ratsawa tsakani, baranda mai faɗi, tagogi kudu da arewa, sola a sama don kwamfutocin eta sibil kada su tsaya in an ɗauke wuta, sai a bar kilim a ɗakin na'urori da zauren taro kawai. Wasu manya in ka ce ƙasa sai su ɓata rai wai ka raina su, na sha wannan faɗan, wani ma ce min ya yi shi ba rumbu ya ce in gina mishi ba.

In kana son ka bi sawun irin wanga aiki a garinmu in ka zo hutu, kasafin kuɗin gari ba sirri ba ne, ɗan gari na da damar ya nemi gani. Ka tafi wurin magatakardan meri da ladabi ka ce a nuna maka kasafin bana da lissafin abin da anka kashe bara, ka duba layin gyaran gine-gine ka ga nawa anka rubuta nawa anka fitar. In ka samo ka turo min hotonshi mu duba tare, ka gaida mutanen Yamai.